Gudun Babur da Jikin Ɗan Adam: Darasi Daga Hanyoyin Dosara da Mafara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin da suka haɗa Dosara da Maradun da Talata Mafara da Bakura a safiyar Talata, ranar da kasuwar Mafara take ci, ya san cewa hanya ɗaya ce take ɗauke da kowa. Ga manomi ya ɗauro amfanin gona daga filayen noman rani na Bakolori, ga makiyayi yana kora shanunsa, ga amalanke, ga jaki da mangala, ga 'yan makaranta suna tafe a gefen hanya. Idan aka hau babban titin da ya tashi daga Gusau zuwa Sakkwato kuwa, sai a tarar da tireloli da tankokin mai da motocin haya. A tsakanin waɗannan duka akwai babur, yana kutsawa ta duk inda ya sami kafa.

Babu mai musun amfanin babur a wannan yanki. Shi ne yake kai mai naƙuda asibiti, shi ne yake kai taki gona, shi ne kuma yake ciyar da gidaje masu yawa ta hanyar sana'ar haya, wadda mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara suke kira kabu-kabu, Kanawa su ce acaɓa, mutanen kudu kuma su ce okada. Sana'ar ta bunƙasa ne a Nijeriya tun daga shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya tsuke, motocin haya suka yi ƙaranci. To, amma abin lura shi ne, injin babur yana iya kai mutum ga gudun da jikinsa ba shi da shirin jure wa sakamakonsa. Ido da ƙwaƙwalwa da ƙashi suna da iyaka, kuma masana sun auna wannan iyaka. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa ɗalibai da malamai inda iyakar take, domin wanda ya san ta zai gane cewa yawancin abin da ake kira tsautsayi a kan hanya abu ne da lissafi yake iya hangowa tun kafin ya faru.

Girman Matsalar

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a shekarar 2021, wato fiye da mutum 3,200 a kowace rana. Fiye da rabin waɗannan mamata masu tafiya a ƙasa ne da mahaya keke da mahaya babur. Rahoton ya nuna cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace shan wahala, inda mutum 19 cikin kowane 100,000 suke mutuwa a shekara, alhali a Turai, wadda ta fi Afirka yawan motoci nesa ba kusa ba, adadin bai wuce 7 ba. Wannan bambanci ya isa hujja cewa yawan abin hawa kaɗai ba ya kisa. Yadda ake tuƙi, da yanayin hanya, da kariyar da ke jikin matafiyi, da saurin kai shi asibiti, su ne suke raba mai rai da mamaci.

Mahayin babur ya fi mai mota shiga haɗari saboda dalili mai sauƙi. Mai mota yana zaune cikin akwatin ƙarfe, idan aka yi karo ƙarfen ne zai fara lotsewa. Mahayin babur kuwa jikinsa ne garkuwarsa.

Abin da Gudu Yake Tarawa

Mutum yana tafiya a ƙasa da saurin kilomita 5 a awa. Usain Bolt, ɗan ƙasar Jamaika da ya kafa tarihin tseren mita 100 cikin sakan 9.58 a birnin Balin a 2009, matsakaicin gudunsa a wannan tsere bai kai kilomita 38 a awa ba. Ke nan ƙashi da naman ɗan Adam sun dace ne da faɗuwar mai tafiya ko mai gudu da ƙafa. Ƙaramin babur na haya kuwa yana kai kilomita 80 a awa.

Ilimin fiziks ya nuna cewa duk abin da yake tafiya yana ɗauke da kuzarin motsi, kuma wannan kuzari yana ƙaruwa ne gwargwadon sauri idan an ninka shi da kansa. Ma'ana, idan gudu ya ninka sau 2, kuzarin zai ninka sau 4. Idan ya ninka sau 3, kuzarin zai ninka sau 9. A lokacin karo wannan kuzari ba ya ɓacewa. Dole ya shiga wani abu, ko dai ƙarfen babur, ko kuma ƙashin mahayi.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ita ce a kwatanta karo da faɗowa daga sama. Wanda ya daki bango ko bishiya ko bayan tirelar da ke tsaye yana gudun kilomita 30 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 3 da rabi, kamar daga rufin ɗaki. A gudun kilomita 50, tsayin ya kusa mita 10. A gudun kilomita 60, ya haura mita 14. A gudun kilomita 80, ya kai mita 25. Mutanen Dosara suna da ma'auni a kusa da su, domin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, tsayinta mita 48 ne a inda ta fi tsawo. Saboda haka saurayin da ya murɗa totur zuwa kilomita 80 ya ɗora kansa da fasinjansa a kan tsayin da ya haura rabin madatsar. Babu mai hankalin da zai yarda ya diro daga can, ko da an yi masa alkawarin dukiya.

Daga Ido Zuwa Birki

Mahaya da yawa suna taƙama da cewa hannunsu ya faɗa, suna iya tsayawa nan take. Ilimin halittar jiki bai yarda da wannan ba. Idan yaro ya faɗo hanya, sai haske ya shiga ido, ido ya aika saƙo ta jijiya zuwa bayan ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta gane abin da ta gani, ta yanke shawara, sannan ta aika umarni ta cikin laka zuwa tsokar hannu da ta ƙafa. Kowane mataki yana cin lokaci. Ga abin da ya zo ba zato, masu nazarin haɗurra sukan ƙiyasta sakan ɗaya da rabi kafin birki ya fara aiki. A tsawon wannan lokaci babur yana tafiya da cikakken gudunsa.

Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Ke nan zai yi mita 25 kafin a taɓa birki, sannan ya ƙara kimanin mita 20 kafin ya tsaya, idan kwalta busasshiya ce kuma birki da taya lafiyayyu ne. Jimla mita 45. Alal misali, a ce yaro ya fito daga lungu a nisan mita 30. Mai gudun kilomita 40 zai tsaya cikin kimanin mita 26, yaron ya tsira da tsoro kawai. Mai gudun kilomita 50 zai buge shi da saurin kusan kilomita 30. Mai gudun kilomita 60 kuwa, mita 5 kacal suka rage masa na birki, don haka zai buge yaron da saurin da ya haura kilomita 50. Tsakanin 40 da 60 babu wani bambanci mai yawa a jikin mahayi, amma ga yaron bambancin rayuwa ne da mutuwa.

Wannan lissafi na hanya mai kyau ne. Inda taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannun yaro ba, kuma a kan wannan ɗan wuri ne birki da karya kwana duka suka dogara. A kan yashi ko burji ko laka ta damina, kamun taya yana iya raguwa da rabi, nisan birki kuma ya ninka. Haka nan ɗora buhuna uku ko fasinja uku yana ƙara wa birki aiki, yana mai da nauyi baya har tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. Bugu da ƙari, bakin hijabi ko zane ko babbar riga da ya sauka kusa da sarƙa yana iya naɗewa a tayar baya ya fizgo fasinja ƙasa.

To, me gudu yake saye? A tafiyar kilomita 3 cikin gari, mai gudun 60 zai riga mai gudun 40 da minti ɗaya da rabi ne kawai. A tafiyar kilomita 20, ribar minti 10 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin ɗari. Da ma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ƙwaƙwalwa a Cikin Ƙoƙon Kai

Rauni a kai shi ne babban abin da yake kashe mahaya babur. Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da nauyin kimanin kilogiram 1.4, tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma laushinta bai wuce na awara ba. Tana zaune cikin wani ruwa da yake kare ta daga ƙananan girgiza, a cikin ƙoƙon da kaurinsa bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba a yawancin wurare. Idan kai ya daki kwalta, ƙoƙon yana tsayawa nan take, amma ƙwaƙwalwa tana ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi daga ciki, ta koma ta bugi ɗaya ɓangaren. Siraran zaruruwan da suke haɗa sassanta suna tsinkewa. Fata tana warkewa, ƙashi yana ɗoruwa, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka mutu jiki ba ya maye gurbinsu. Shi ya sa wani yakan tashi daga jinya da mantuwa, ko farfaɗiya, ko canjin hali, ko nauyin baki.

Akwai wani wuri a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta, kuma wata jijiyar jini tana bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini yana taruwa a hankali cikin ƙoƙo. Mai raunin yana iya farfaɗowa, ya karkaɗe rigarsa, ya yi magana, har ya ce lafiyarsa lau. Bayan 'yan awanni sai ciwon kai da amai da barci su taso, saboda jinin ya danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ba ta da wurin matsawa. Tiyata cikin gaggawa tana ceton irin wannan mutum, jinkiri kuma yana kashe shi.

Tarihin Hular Kwano

A ranar 13 ga Mayu 1935, wani shahararren sojan Birtaniya mai suna T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana tafe a kan babur a wata hanyar ƙauye a kudancin Ingila. Ya ci karo da yara biyu a kan kekuna, ya kauce musu, babur ya yar da shi. Ba hula a kansa. Ya mutu bayan kwana 6. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa haifaffen Ostareliya. Abin ya tsaya masa a rai, har ya duƙufa ga nazarin raunin kai a tsakanin sojoji masu kai saƙo a kan babur. A 1941 ya buga sakamakon bincikensa, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara rundunar sojan Birtaniya ta wajabta sa hular kwano. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta wajabta ta ga farar hula a 1961, Birtaniya ta bi sahu a 1973. Ƙasar Biyetnam, inda babur ya fi mota yawa, ta wajabta ta a dukkan hanyoyi daga 15 ga Disamba 2007, kuma cikin ɗan lokaci fiye da kashi 90 cikin ɗari na mahaya suka riƙa sa ta.

Aikin hular kashi biyu ne. Ɓawonta mai tauri yana baza ƙarfin duka a kan faɗin kai, maimakon ya taru a wuri ɗaya. Soson da ke ciki kuma yana lotsewa, ta haka yana tsawaita lokacin da kai yake ɗauka kafin ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta sami sauƙin bugu. A 2008 ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta tattara nazarce-nazarce daga ƙasashe daban-daban, ta gano cewa hular kwano tana rage yiwuwar mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, tana rage raunin kai da kashi 69 cikin ɗari.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular daga 1 ga Janairu 2009. A wancan lokaci ne kafofin labarai suka ruwaito yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a kai domin su wuce jami'ai. Ƙwarya ba ta da soso, ba ta da maɗauri, kuma tarwatsewa take yi. Haka ma hular ma'aikatan gini, an yi ta ne domin abin da zai faɗo daga sama. Hular da ba a ɗaure maɗaurinta a ƙarƙashin haɓa ba kuwa, ita ce take riga mai ita isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, domin soson da ya lotse ba ya komawa.

Mutane sukan kawo uzurin zafi, da tsoron ƙwarƙwata ko makero daga hular da wani ya sa, wasu ma har da tsoron sammu. Zafin yankin Mafara a watan Afirilu gaskiya ne, amma akwai huluna masu kafofin iska, kuma farar hula ta fi baƙa sanyi, ta fi ta ganuwa. Siririyar hula ko ɗankwali a ƙarƙashi tana maganin ƙyama. Kuɗin hula mai kyau bai kai kuɗin hoton ƙwaƙwalwa guda ɗaya a asibiti ba.

Ƙuruciya da 'Yan Kallo da Ƙwaya

Me ya sa ganganci ya fi yawa ga samari? Sashen ƙwaƙwalwa da yake bayan goshi, wanda aikinsa auna sakamako da danne zuciya, shi ne na ƙarshe wajen nuna, sai wajen shekara 25. Sashen da yake neman daɗi da yabo kuwa tun farkon balaga yake kan ganiyarsa. A 2005 masana biyu na Jami'ar Temple a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, suka sa matasa da manya yin wasan tuƙi a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban abokansu. Manya ba su canza sosai ba, amma matasa sun ƙara ganganci ƙwarai da zarar abokai suna kallo.

Wannan ya bayyana abin da ake gani wajen rakiyar amarya da yawon Sallah da jerin gwanon siyasa, inda saurayin da yake tuƙi da natsuwa shi kaɗai yake komawa mai ɗaga tayar gaba, ko sakin hannu, ko jan salansa a kwalta. Shewar 'yan kallo ita ce man da take rura wutar. Saboda haka 'yan kallo suna da kaso a cikin alhakin abin da ya biyo baya, kuma saurayin da ya san wannan rauni na shekarunsa ya fi kusa da mallakar kansa.

Ƙwaya tana ƙara dagula al'amarin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya cikin shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mai shan tiramadol yakan ce tana kashe masa gajiya. Abin da take kashewa shi ne jin gajiyar, ita kuwa gajiyar tana nan. Tana jinkirta saƙon jijiya, tana kawo jiri da gyangyaɗi, kuma idan ta yi yawa tana tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da mutum yana bisa babur. Idan ta ƙara sakan ɗaya ga lokacin yanke shawara, ta ƙara mita 17 ga mai gudun kilomita 60. Rashin barci yana yin irin wannan illa, haka ma waya, wadda take ninka yiwuwar haɗari kusan sau 4.

Sauran Masu Haƙƙi a Hanya

Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 bai ƙware wajen auna saurin abin da yake tunkaro shi ba, gajere ne ba a hango shi ta bayan mota, kuma hankalinsa yana kan abu ɗaya ne, ko ƙwallo, ko ɗan'uwansa da ya riga ya tsallaka. Tsoho yana da raunin ji da gani, ga nauyin jiki. A bakin makaranta da kasuwa da masallaci, gudun da ya wuce kilomita 30 ganganci ne.

Dabbobi ma suna da tasu halitta. Idanun saniya da akuya da jaki suna gefen kai, suna ganin kusan duk abin da yake kewaye da su, amma ba su iya auna nisa sosai. Ƙarar inji ko ham ta farat ɗaya tana firgita su, kuma dabbar garke idan ta firgita 'yan'uwanta take nufa, ko da suna ɗaya gefen hanya. Wanda ya ga akuya ɗaya ta tsallaka, ya sa ran ta biyu.

Babbar mota kuma tana da wuraren da direbanta ba ya gani, wato daf da bayanta, da gefenta na dama, da ƙarƙashin hancinta. Ƙa'idar ita ce, wanda ba ya ganin fuskar direba a madubin motar, direban ma ba ya ganinsa. Har ila yau, idon ɗan Adam yana ɗaukar ƙaramin abu a matsayin mai nisa, don haka direban da zai shiga babban titi a mararraba irin ta Lambar Bakura yana iya zaton babur bai kusa ba, alhali ya iso. Kunna fitila ko da rana da sa tufafi masu haske suna taimakawa. Da almuru, ko cikin ƙurar hunturu, ko bayan fitilar mota ta haske ido, gani yana raguwa ƙwarai, kuma bai kamata mahayi ya yi gudun da ba zai iya tsayawa cikin iyakar hasken fitilarsa ba.

Rashin tsaro ya ƙara wa mutanen Zamfara dalilin sauri, domin kowa yana son ya isa gida kafin duhu. Wannan tsoro na gaskiya ne. Maganinsa mafi kusa shi ne sammako da tashi daga kasuwa da wuri, tunda lissafin da ya gabata ya nuna cewa gudu ba ya sayen fiye da 'yan mintoci.

Bayan Haɗari Ya Auku

Sau da yawa masu taimako suna ƙara wa mai rauni illa cikin rashin sani. A wuya akwai ƙasusuwa 7 da laka take ratsawa ta cikinsu. Idan ɗaya ya tsage, aka ciccibi mutum hannu da ƙafa kansa yana reto, ko aka zaunar da shi a tsakiyar babur, lakar tana iya yankewa, jiki ya shanye har ƙarshen rayuwa. Abin da ya dace shi ne a fara tsai da ababen hawa, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, a kwantar da mai raunin a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Idan yana amai, a juya shi gefe gaba ɗaya, kai da gangar jiki tare. Kada a ɗura masa ruwa, domin wanda ya suma yana iya shaƙewa. Kada a cire hular kwano sai in numfashi ya gagara, domin ƙwaƙwalwa tana fara mutuwa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska.

Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, kuma karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da fiye da lita 1 a cikin nama. Inda jini yake fita a danne shi da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai a kan rauni, saboda ƙwayar cutar tetanos, mai sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, kuma ɗaurin da ya matse har yatsu suka kumbura suka yi sanyi yana iya jawo yanke gaɓa.

Duk wanda kansa ya bugu a sa masa ido na awa 24. Yawan amai, da barci mai nauyi, da ruɗewa, da jijjiga, da fitar jini ko ruwa ta kunne ko hanci, alamu ne da ke cewa a garzaya asibiti. Daga babban asibitin Talata Mafara ana iya tura mai rauni zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa. Mafara tana tsakanin biranen biyu ne a kan hanyar da tsawonta ya haura kilomita 200, don haka kowace awa da aka ɓata a gida tana da tsada. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Doka da Aikin Makaranta

Dokar hanya ta Nijeriya ta tanadi cewa mahayin babur ya kai shekara 18, ya mallaki lasin, shi da fasinjansa su sa hular kwano, kuma kada ya wuce kilomita 50 a awa. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, an hana ta a birnin Kano a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, kuma a 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita hawan babur da dare saboda 'yan bindiga. Matakan Kano da Zamfara na tsaro ne. A ƙauyen da babur ne kaɗai abin hawa, hani ba zai yiwu ba, kuma babu jami'in da zai tsaya a kowace kwana. Abin da ya rage shi ne ilimi, wanda yake tafiya tare da mahayi duk inda ya nufa.

A nan malamai suke da babbar rawa, kuma ba sai da ɗakin gwaji mai tsada ba. Ɗalibi ɗaya ya riƙe rula a tsaye, wani ya buɗe yatsu a ƙasanta, a sake ta ba sanarwa. Idan ta faɗi santimita 20 kafin a cafke, lokacin martani ya kama kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Sai a maimaita gwajin ana yi wa mai cafkewa tambayar lissafi, a ga yadda raba hankali yake tsawaita lokacin. A auna mita 26 da mita 45 a filin makaranta, a kafa alama, ɗalibai su ga nisan da idonsu. A saki ƙwai biyu daga tsayi ɗaya, guda tsirara, guda a naɗe cikin soso a cikin gwangwani, a bar aji ya bayyana dalilin bambancin.

Kammalawa

An ga cewa kuzarin karo yana ninkuwa sau 4 idan gudu ya ninka sau 2, cewa saƙon ido yana buƙatar lokaci kafin ya isa hannu, cewa ƙwaƙwalwa ba ta sabuntuwa, kuma hular kwano da aka ɗaure tana rage mutuwa da kusan rabi. Ajali na Allah ne, amma addini da hankali duka sun ɗora wa mutum kiyaye ransa da na waɗanda suke tarayya da shi a hanya. Ɗalibin da yake hawan kabu-kabu daga Dosara zuwa Mafara yana da ikon cewa a rage gudu, yana da ikon sauka idan aka ƙi, yana kuma da ikon hana tafinsa ga mai wasa da babur a wajen biki. Uban da zai miƙa wa ɗan shekara 13 makullin babur don ya kai abinci gona, ya dace ya tuna cewa sashen auna sakamako na ƙwaƙwalwar yaron yana da sauran fiye da shekara 10 kafin ya nuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.